ZAƁEN ƊAKI A JIRGIN TEKU

Mutumin Badarawa bai san teku ba. Ruwan da ya sani shi ne Kogin Kaduna, wanda yakan cika ya batse da damina, da rani kuwa ya janye har duwatsunsa su fito fili. Daga nan zuwa bakin teku a Ikko, wato Legas, tafiya ce ta kimanin kilomita 900 ta tsohuwar hanyar jirgin ƙasa. Saboda haka mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa mu da maganar ɗakin kwana a cikin jirgin teku?

Amsar tana cikin gidajenmu. 'Ya'yanmu da yawa suna aiki a Ingila da Amurka da sauran ƙasashe. Wani lokaci sukan so su saka wa iyayensu da alheri, ko don Baba ya yi ritaya, ko don Baba da Mama sun cika shekara 40 da aure. Sai su ce za su biya musu tafiyar shaƙatawa ta mako guda a jirgin ruwa. Su aiko da hotuna ta waya, su ce a zaɓi ɗaki. A nan ne ake tsayawa ana kallon juna. Kuɗin ba kaɗan ba ne, gumin wani ne na shekaru, tafiyar kuma mai yiwuwa sau ɗaya ce a rayuwa. Wanda ya zaɓi ɗaki da ka, yana iya ƙare makon nan a kwance yana amai, ko kuwa bai runtsa ba saboda hayaniya.

Abin da muke so mu nuna a nan guda ɗaya ne. A jirgin teku, wurin da ɗaki yake shi ne babban abu. Adon ɗakin yana biye ne daga baya.

YADDA NA DĀ SUKA YI

Kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, duk wanda zai je Turai daga ƙasar nan ta ruwa yake bi. Ta ruwa ne Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Ikko a watan Disamba na 1893. Ta ruwa ne Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je Ingila a 1921. Haka kuma Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman suka yi a 1934. Sojojinmu da aka kai Boma a 1943 da 1944 su ma ta teku aka bi da su, sai dai su ba wanda ya tambaye su wane ɗaki suke so.

Ɗalibi ko ma'aikaci daga Kaduna yakan ɗaura kayansa ya shiga jirgin ƙasa, ya ƙetare Kwara ta gadar Jebba wadda aka gama a 1916, ya kwana a hanya, ya sauka Ikko. Daga nan sai tashar jiragen ruwa ta Apapa, inda jiragen wani kamfanin Ingila mai suna Elder Dempster suke tsayawa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin yana da manyan jiragen fasinja guda uku a kan wannan hanya. Akwai Accra na 1947, da Apapa na 1948, da kuma Aureol wanda aka ƙera a Gilasgo ya fara aiki a 1951. Aureol shi ne babbansu, fari fat, da bututun hayaƙi rawaya. An sa masa sunan wani dutse ne da ke birnin Firitawun na ƙasar Saliyo. Tafiya daga Apapa zuwa Libaful takan ɗauki kimanin mako biyu, ana yada zango a Ghana da Firitawun da Las Falmas.

A cikin Aureol akwai wurin mutum kimanin 250 a faskila, na daraja ta biyu kuwa ba su wuce 100 ba. Talakan da zai sauka a wata tasha ta bakin gaɓar Afirka ta Yamma yakan sayi tikitin sarari a jiragen kamfanin, ya shimfiɗa tabarmarsa a filin jirgi tare da kayansa, kamar yadda ake hawa kan kaya a babbar mota. Tikitin mutum shi ne yake nuna inda zai kwana, da inda zai ci abinci, da inda ƙafarsa ba za ta taka ba.

Matafiyan zamanin sun san wasu dabaru. Kafin a sa na'urar sanyaya ɗaki, wanda ya san hanya yakan duba ɓangaren da rana za ta buga. Daga Firitawun jirgi yakan miƙe arewa. Wannan ya sa ɗakunan hannun hagu suke fuskantar yamma, su sha ranar la'asar, su kwana da zafi. Duk magidancin da ya taɓa gina gida ya san abin da bangon yamma yake yi wa ɗaki a watan Afrilu.

Jirgin sama ne ya kashe wannan kasuwa. Tafiyar mako biyu ta koma ta sa'o'i kaɗan. An sayar da Accra a 1967, Apapa a 1968. Aureol ya yi ta fama shi kaɗai har 1974, sa'an nan aka sayar da shi ga wani attajirin Girka, aka kai shi Jidda ya zama masaukin ma'aikata. A 2001 aka farfasa shi a Indiya.

JIRAGEN YANZU

Jirgin fasinja na zamanin nan ba don ya kai mutum wani gari aka yi shi ba. Otal ne mai tafiya. Yakan tashi daga wata tasha, ya zaga garuruwa uku ko huɗu, ya komo inda ya fito. Tun da irin waɗannan tafiye-tafiye ba daga Apapa suke tashi ba, ɗan Najeriya sai ya hau jirgin sama tukuna zuwa wurare kamar Basalona a ƙasar Sifen, ko Mayami a Amurka, ko Durban a Afirka ta Kudu.

Girmansu abin mamaki ne. Aureol tsawonsa bai kai mita 170 ba. Amma wani jirgi mai suna Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, tsawonsa mita 365, yana da hawa 20, da ɗakunan fasinja fiye da 2,800, yana kuma iya ɗaukar fasinja kimanin 7,600 ban da ma'aikata. Unguwa guda ke nan a kan ruwa. A irin wannan wuri, ɗaki biyu masu kuɗi ɗaya suna iya bambanta kamar gidan bakin titi da gidan cikin lungu.

Yawancin kamfanoni sun kasa ɗakunansu kashi huɗu.

Na farko shi ne ɗakin ciki. Ba shi da taga ko kaɗan. In an kashe fitila, duhu ne ƙirin ko da tsakar rana. Shi ne mafi araha.

Na biyu ɗaki ne mai taga. Ana ganin teku da hasken rana, amma tagar a kafe take, ba ta buɗuwa.

Na uku yana da 'yar baranda, da kujeru biyu, inda mutum zai fita ya sha iska.

Na huɗu shi ne babban ɗaki mai falo, na masu hannu da shuni.

Kada mai karatu ya zaci waɗannan ɗakuna manya ne. Ɗakin ciki bai fi ɗakin haya na tsaka-tsaki ba, a ciki kuma har da gado da makewayi da wurin wanka da ma'ajiyar tufafi. Hoton da ke cikin talla yakan sa wuri ya yi faɗi fiye da yadda yake. A nemi a gaya muku girmansa da lamba.

Ga wani abu da ya kamata a sani. Ban da 'yan wurare kaɗan da aka keɓe wa masu manyan ɗakuna, mai ɗakin ciki da mai ɗakin baranda wurin cin abinci ɗaya suke zuwa, wasa ɗaya suke kallo, gari ɗaya suke sauka. Wannan ya bambanta da zamanin Aureol. Wanda zai wuni a waje, ya komo ɗaki don barci kaɗai, ba lalle ne ya biya kuɗin baranda ba. Amma tsohon da ba ya son cunkoso, wanda zai fi jin daɗin zama shiru yana karatu, baranda tana da amfani gare shi. Haka kuma wanda zuciyarsa takan ƙuntata a rufaffen wuri, kada a saka shi ɗakin da ba taga don neman sauƙi. Araha ba ta ado.

TSAKIYA, KUMA ƘASA-ƘASA

Duk wanda ya taɓa shiga doguwar mota daga tashar Kawo ya san bambancin kujeru. Na kujerar ƙarshe shi ne yake shan wahala. Kowane rami aka faɗa, sai ya yi sama ya dawo. Na tsakiya kuwa da sauƙi.

Jirgin ruwa ma haka yake. Motsinsa iri biyu ne. Akwai wanda goshinsa yake ɗagawa sama ya sauko, bayansa kuma ya ɗaga, kamar sikelin awo. A sikeli, bakin nan biyu su ne suke hawa da sauka, tsakiya kuwa tana nan kusan a tsaye. Saboda haka ɗakin da ke can goshin jirgi shi ya fi kowane jijjiga, na can baya yana biye da shi. Motsi na biyu shi ne tangaɗi daga dama zuwa hagu. A wannan, a dubi itacen giginya ranar iska. Kansa ne yake kaɗawa, gindinsa ba ya motsi. Hawa na 14 ya fi hawa na 5 kaɗawa nesa ba kusa ba.

Abin dariya a nan shi ne, sau da yawa ɗakunan sama su ne masu tsada, su ne kuma masu jijjiga. Ɗakin da ya fi natsuwa yana tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa. Masu karatu za su tuna annabi Yunusa, wanda ya gangara can cikin jirgi ya yi ta sharar barci alhali hadiri yana neman farfasa jirgin. Laifinsa dabam, amma wurin kwanciya kam ya iya zaɓe. Kada kuma a ji tsoron kalmar ƙasa. A manyan jiragen shaƙatawa, ɗakunan fasinja suna sama da ruwa.

Me ke kawo jiri da amai a teku? A cikin kunnen mutum akwai wani sashe mai lura da daidaiton jiki. In mutum yana cikin rufaffen ɗaki, kunne yana gaya wa ƙwaƙwalwa ana motsi, ido kuwa yana cewa kome a tsaye yake. Wannan saɓani shi ne yake tayar da zuciya. Maganinsa na farko shi ne a fita a dubi can nesa, inda sama ta haɗu da ruwa, domin ido da kunne su yarda da juna. Shi ya sa wanda mota takan sa shi amai, ya fi masa kyau ya sami ɗaki mai taga a tsakiyar jirgi. Citta takan taimaki wasu. Akwai kuma ƙwayoyin magani, amma wasunsu suna sa barci, wasu kuma ba su jituwa da magungunan da tsofaffi suke sha. A ga likita tun a gida.

Gaskiya ne manyan jiragen yanzu suna da wasu fikafikai a ƙarƙashin ruwa masu rage tangaɗin dama da hagu. Amma ba su hana goshi hawa da sauka. Teku kuma ba a yi mata alkawari.

WA KE SAMANKA, WA KE ƘARƘASHINKA?

Mai neman gidan haya a Badarawa ko Malali ba ya duba ɗaki kaɗai. Yakan duba ko akwai injin niƙa a maƙwabta, ko gidan biki, ko mai janareta. To, a jirgi ma akwai maƙwabta, har da na sama da na ƙasa.

Kowane kamfani yana da taswirar jirginsa, hawa-hawa, da lambar kowane ɗaki, ana kuma samunta a intanet kyauta. In an ba ku lambar ɗaki, ku nemo shi a taswira. Sa'an nan ku buɗe hawan da ke sama da shi, da wanda ke ƙasa da shi, ku ga abin da ke daidai wurin.

In wurin iyo ne a sama, tun da asuba ma'aikata za su fara jan kujeru a kan rufinku. In ɗakin girki ne, ba a daina aiki a can dare da rana. In gidan rawa ne ko zauren wasa a ƙasa, kiɗa zai kai tsakar dare. Ɗakunan can goshi a hawan ƙasa sukan ji ƙarar sarƙar anga da na injinan da ke juya jirgi sa'ad da zai shiga tasha, yawanci kuwa da sassafe ake shiga. Na can baya a ƙasa sukan ji rurin babban inji. Wurin da ba a rubuta kome a kansa a taswira ba, sau da yawa ma'ajiyar ma'aikata ce, ana buɗe ƙofa ana rufewa.

Dabarar mai sauƙi ce. A nemi ɗakin da ɗakunan kwana ne a samansa, ɗakunan kwana ne kuma a ƙarƙashinsa.

Akwai kuma ɗakunan da ake sayarwa da rangwame domin wani abu ya tare tagarsu, yawanci kwalekwalen ceto da ke rataye a gefen jirgi. Kamfani yakan rubuta haka, amma da ƙananan baƙaƙe. Wanda haske kaɗai yake so, wannan riba ce gare shi. Wanda ya biya don ya ga teku kuwa, zai wuni yana kallon gindin kwalekwale.

IN DA TSOFAFFI KO YARA

Jirgi mai tsawon mita 300 ya kai filin ƙwallo uku a jere. Mama mai ciwon gwiwa, in ɗakinta yana can ƙarshen lungu, kowace fita cin abinci tafiya ce. A nema mata ɗaki kusa da na'urar hawa bene, amma kada ƙofarta ta zama ita ce ta farko a bakin na'urar, saboda surutun masu wucewa. Mai keken guragu kuwa akwai ɗakuna na musamman, masu faɗin ƙofa, marasa dakali a bakin wurin wanka. Ba su da yawa, sukan ƙare da wuri. Sai a nema tun da sauran watanni.

Iyali masu yara suna da hanya biyu. Akwai ɗakin mutum huɗu, inda ake sauko da gado biyu daga bango ko rufi da dare. Yana da sauƙin kuɗi, amma mutum huɗu da makewayi ɗaya a ɗan ƙaramin wuri har mako guda sai da haƙuri. Akwai kuma ɗaki biyu masu ƙofa a tsakani. Wannan ya fi dacewa in yaran sun tasa, musamman in akwai maza da mata. Sai an faɗa a fili cewa mai ƙofa a tsakani ake so, domin ɗaki biyu na iya zama maƙwabta ba tare da ƙofa ba. Masu ƙananan yara masu hawa kujera su yi tunani sosai kafin su ɗauki ɗaki mai baranda. In sun ɗauka, ƙofar ta zauna a kulle sai da babba a wurin.

Yawancin kamfanoni ba su ɗaukar jaririn da bai kai wata 6 ba, ba su kuma ɗaukar mace mai cikin da zai kai mako 24 kafin tafiyar ta ƙare. Dalilinsu shi ne, asibitin jirgi ƙarami ne, ba a shirya shi don haihuwar bakwaini ba. Amarya da ango masu shirin irin wannan tafiya su riƙe wannan.

KUƊIN DA BA A RUBUTA DA MANYAN BAƘAƘE BA

Kuɗin da ake gani a talla na mutum ɗaya ne, bisa sharaɗin mutum biyu za su kwana a ɗakin. Miji da mata sai su ninka shi biyu. Gwauruwar da za ta tafi ita kaɗai, sau da yawa za a ce ta biya kusan kuɗin mutum biyu, sai fa in jirgin yana da ɗakin mutum ɗaya. Ya fi sauƙi ta tafi da 'yar'uwa ko jika.

Bayan wannan akwai harajin tashoshi. Akwai kuma tukwicin ma'aikata, wanda kamfanoni da yawa suke ɗora wa kowane fasinja kowace rana ba tare da an tambaye shi ba. A manyan kamfanonin Amurka, a 2024, yana tsakanin dala 15 da 20 ga mutum ɗaya a rana, masu manyan ɗakuna kuma nasu ya fi yawa. A lissafa: mutum huɗu, kwana 7, dala 16, ya zama dala 448. A juya wannan zuwa naira a gani. Lemun kwalba, da intanet, da wanki, da yawon buɗe ido a garuruwan da aka tsaya, da ganin likitan jirgi, yawanci duk kuɗinsu dabam. Saboda na ƙarshen nan, inshorar tafiya ba abin rainawa ba ne, balle ga tsofaffi.

Akwai wani ciniki da kamfanoni suke yi. Sukan ce, ka biya kaɗan, mu kuma mu zaɓa maka ɗaki daga baya a cikin irin wanda ka saya. Wani lokaci mutum yakan dace. Amma a tuna, ɗakunan da suka rage bayan kowa ya zaɓa su ne ake rabawa, wato na goshi, da na ƙarƙashin gidan rawa, da masu tararriyar taga. Saurayi lafiyayye mai nauyin barci yana iya gwada sa'arsa. Ba a yi wa Baba da Mama wannan caca.

Babban abin da yake tare ɗan Najeriya shi ne biza. Jirgi yana iya tsayawa a ƙasa uku ko huɗu, kowace da dokarta. Wanda takardunsa ba su cika ba, za a hana shi shiga tun daga bakin tasha, kuɗinsa kuma ba lalle ne ya dawo ba. A bincika kowace ƙasa ɗaya-ɗaya, a duba fasfo yana da sauran aƙalla wata 6, a riƙe katin rigakafin shawara, a kuma karanta sharaɗin mayar da kuɗi kafin a biya ko sisin kwabo. A isa garin da jirgi zai tashi da kwana ɗaya a gaba, domin jirgin ruwa ba ya jiran wanda jirgin samansa ya makara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda kuma ya ce a tura kuɗi cikin asusunsa na kansa, bai nuna takarda daga kamfanin jirgin mai sunanku da lambar ɗaki ba, a yi nesa da shi.

HANYAR FITA

Mun bar mafi nauyi a ƙarshe. A daren 14 ga Afrilu 1912 jirgin Titanic ya yi karo da dutsen ƙanƙara, ya nutse kafin gari ya waye. Mutum fiye da 2,200 ne a ciki, kwalekwalen ceto kuwa 20 ne kacal, masu ɗaukar mutum 1,178. Kimanin 1,500 suka mutu. A cikin 'yan faskila, wajen 6 cikin 10 sun tsira. A cikin 'yan daraja ta uku kuwa, ɗaya ne cikin huɗu. Ɗakunansu suna can ƙasa, a goshi da baya, nesa da inda kwalekwalen suke, hanyar hawa kuma a murɗe. Wannan masifa ce ta sa ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar kiyaye rai a teku a 1914, wadda ake ta gyarawa har yau. Yanzu doka ce a tanadi wurin tsira ga kowane rai da ke cikin jirgi, ko nawa ya biya.

Shekara 100 bayan haka, ranar 13 ga Janairu 2012, jirgin Costa Concordia ya bugi dutse kusa da tsibirin Jiliyo na ƙasar Italiya, da mutum fiye da 4,000 a ciki. Mutum 32 suka rasu. Waɗanda suka shiga jirgin a ranar ba a riga an koya musu abin da za su yi ba, domin dokar lokacin ta yarda a jinkirta koyarwar har sa'a 24. Daga baya aka sāke dokar. Tun daga 2015, wajibi ne a yi wa fasinja wannan koyarwa kafin jirgi ya tashi, ko nan da nan da tashinsa.

To, ga aikin mai ɗaki. Da shigarku, kafin a kwance kaya, ku dubi bayan ƙofa. Akwai taswira mai nuna inda kuke, da wurin taruwarku in hatsari ya faru. Ku san inda rigunan ceto suke, ku tabbata akwai daidai yara. Sa'an nan iyali duka su taka da ƙafa daga ɗaki zuwa wurin taruwa, ta matakala, domin ranar hatsari ba a amfani da na'urar hawa bene. Ku ƙirga ƙofofi nawa ne daga taku zuwa matakala, saboda in hayaƙi ya cika lungu ido ba ya aiki. Ku koya wa yara alamar hatsari: busa gajere sau 7, sa'an nan dogo sau ɗaya. In akwai wanda ba zai iya hawa matakala ba, a gaya wa ma'aikata tun ranar farko, su rubuta sunansa.

Irin waɗannan haɗura ba su cika faruwa ba, kada wani ya fasa tafiya saboda tsoro. Amma wannan ɗan aiki bai fi minti 15 ba.

KAFIN A BIYA

Ga tambayoyin da iyali za su zauna su amsa tare. Wa zai kwana a ɗakin, mene ne kuma lafiyarsa? Ɗakin yana tsakiyar jirgi ko a baki? Hawa na nawa? Mene ne a samansa da ƙarƙashinsa? Akwai abin da ya tare tagar? Taku nawa ne zuwa matakala? Nawa ne jimlar kuɗin, har da haraji da tukwici da biza da jirgin sama? In biza ba ta fito ba, nawa za a mayar?

'Ya'yan da ke waje su ma ga tasu shawara. Sha'awar ɗa ita ce ya saya wa iyayensa ɗaki mafi tsada, a can ƙololuwar jirgi, don a san ya yi. Niyyar mai kyau ce. Amma ku tambayi Mama ko mota takan sa ta jiri, ku tambayi Baba yaya gwiwarsa. Mai yiwuwa ɗaki mai taga a hawa na 6, a tsakiya, kusa da matakala, shi ne zai sa su komo Badarawa suna sa muku albarka. Rarar kuɗin kuwa ba za a rasa abin yi da ita a gida ba.